Yadda muka gwada ko bakteriya za ta jure tafiyar sararin samaniya

Furojet ɗina na ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu a kan tambaya ɗaya ya tsaya, wai in bakteriya ta maƙale a jikin kumbo aka harba shi sama, za ta isa inda za a je da ranta ko a hanya za ta mutu. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce haba, wannan ai ba abin tambaya ba ne, wurin da ba iska ba ruwa, ga sanyi ga zafi, me zai yi rai a can? To ni dai na sa hannu na yi aikin, kuma abin da na gani a farantin da ake shuka bakteriya ya sa har yanzu maganar ba ta fita raina ba, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi tun daga farko.

Kumbo dai ba mu da shi, don haka malamin da ke duba aikina ya ce mu rarraba sararin samaniyar gida-gida mu gwada kowanne shi kaɗai. Rashin iska daban, sanyi da zafi daban, hasken rana wanda ba abin da ya tace shi daban. Ya ce "ke dai in kika haɗa musu duka lokaci ɗaya suka mutu ba za ki san wanne ya kashe su ba, kin tashi a tutar babu kenan." Na ce to Malam. Kuma gaskiya wannan shawarar ita ce ta riƙe aikin gaba ɗaya.

Bakteriya iri biyu muka ɗauka. Akwai E. coli, wadda kowa ya sani a lab, ba ta da wata dabarar ɓuya in wahala ta zo. Sai Bacillus subtilis, ita kuma ta cikin ƙasa ce, ba ta cutarwa, kuma in abinci ya ƙare mata sai ta naɗe DNA ɗinta ta dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri, ta fitar da kusan duk ruwan jikinta, ta daina ci ta daina haihuwa ta daina komai. Wannan dunƙulen shi ne supo. A cikinsa akwai wani sinadari da yake haɗuwa da kalsiyam wanda ya kai wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshen supo ɗin, ga kuma wasu ƙananan furotin da suke manne wa DNA ɗin suna kare shi, kamar dai iri da ke kwance a ƙasa da rani yana jiran ruwan farko. Ba mu zaɓe ta da ka ba, ita ce wadda masu bincike suka fi aikawa sama tun shekaru da yawa, saboda haka in mun samu sakamako akwai abin da za mu auna shi da shi.

Samun supo ɗin ma aiki ne mai cin rai. Sai ka shuka bakteriyar a faranti ka bar ta a inkubeta, akwatin ɗumin da ake rainon bakteriya a ciki, har ta cinye abincin da ke ciki yunwa ta kama ta, kullum kana ɗan ɗebowa kana shafawa a gilashi kana rinawa da koren rini da jan rini kana dubawa a maikuroskof. Da farko duk sanduna ne ja-ja sun cika ido, daga baya sai ka fara ganin ɗigon kore a cikin sandunan, ranar da na leƙa na ga kusan ko'ina koren ƙwai ne ƙanana a warwatse, jan ya koma 'yan tsiraru, wallahi har sai da na kira abokiyar aikina ta zo ta gani. Daga nan aka kankare su aka wanke da tsaftataccen ruwa a injin juyawa, aka maimaita wankin, sannan aka dumama su a digiri 80 na minti 15 don duk wadda ba ta shiga ƙwanso ba ta mutu a bar supo zalla. Wannan dumamawar ita ce dai hukumar NASA take yi in ta goge jikin kumbo tana son ƙirga supo nawa ne a kai.

Sai ɗigawa. Ƙananan gilasai ne sirara, kowanne a ɗiga masa ɗigo ɗaya daidai wa daida da fifet, bututun auna ɗigo, a bar shi ya bushe a cikin akwatin iska mai tsafta. In ya bushe ba abin da za ka gani sai wani ɗan zobe fari-fari wanda sai ka karkata gilashin wajen haske kafin ka lura da shi, amma miliyoyin rai ne a wurin. Wasu mun yi su da ruwa-ruwa yadda supo ɗin za su baje kowanne shi kaɗai ba wanda ya hau kan wani. Wasu mun yi su da kauri, muna ɗigawa yana bushewa muna ƙara ɗigawa a wuri ɗaya har ya zama ɗan tudu. Wasu kuma mun cakuɗa su da garin yumɓu mai laushi da aka riga aka dafa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a digiri 121 don kada ya zo da nasa bakteriyar. Sai waɗanda aka ajiye a durowa cikin duhu ba a yi musu komai ba, su ne abin kwatanci.

Akwai kuma wasu gilasan da ba a ɗiga musu komai ba, fanko, amma dole su bi duk hanyar da sauran suka bi, su shiga inda suka shiga, a taɓa su da abin da aka taɓa sauran. Malam ya fi tsananta wa a kan waɗannan fiye da komai, kuma dalilinsa labarin Surveyor 3 ne. Wannan kumbon Amurka ne da ya sauka a wata a Afrilun 1967, sai a Nuwamban 1969 'yan sama jannatin Apollo 12, Pete Conrad da Alan Bean, suka sauka kusa da shi suka cire kyamararsa suka dawo da ita. Da aka bincika sai aka samu Streptococcus mitis a cikin soson da ke cikin kyamarar, bakteriyar da ke zama a bakin mutum da maƙogwaro, aka yi ta yaɗa cewa ta yi shekara biyu da rabi a wata ba ta mutu ba, har littattafai suka ɗauka. Sai a 2011 wasu masu bincike suka koma suka kalli fim ɗin da aka ɗauka lokacin da ake buɗe kyamarar, suka ga ma'aikatan da riguna masu gajeren hannu, damatsa a waje, tsaftar wurin ba ta kai yadda za a yi rantsuwa a kai ba. Yanzu mafi yawan masana sun karkata ga cewa a nan duniya ta shiga. Malam ya ce "kin gani ko, shekara arba'in ana musu saboda sakacin yini ɗaya, in fankon gilashinki ya tsiro da ko ɗigo ɗaya to duk zagayen nan a kwandon shara yake." Saboda haka safar hannu, takunkumi, sifirit na goge tebur, wutar gas a kunne a gefe, ba magana a kan buɗaɗɗen faranti, haka muka yi ta yi.

Gwajin rashin iska shi ne na farko. Wata tukunyar gilashi ce mai kauri da murfi, ana shafa mata man shafawa a baki a rufe a haɗa da famfo ya zuƙe iskar ciki, a ƙasanta ga ƙwayoyin da ke shanye danshi. Muka jera gilasan muka rufe muka lulluɓe da takardar alminiyam don kada haske ya shiga, aka bar su makonni, lokaci-lokaci ana sake kunna famfon. Na sanyi da zafi kuwa kai-kawo ne tsakanin firiza mai tsananin sanyi da tanda mai ɗumi, a fito da su daga nan a kai can, don a kwaikwayi abin da ke faruwa a jikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda take zagaya duniya cikin kamar minti 90 a nisan wajen kilomita 400, rana ta fito mata ta faɗi sau 16 a yini, gefen da ke kallon rana ya haura digiri 100, gefen inuwa ya yi ƙasa da sifili da fiye da digiri 100. Namu bai kai wannan ba amma dai an jijjiga su.

Yadda ake gane wanda ya rayu, sai a jefa gilashin cikin kwalbar ruwan gishiri da 'yan duwatsun gilashi a girgiza sosai har abin da ya manne ya sauka, a ɗebi kashi ɗaya a zuba cikin kashi tara na ruwa, a sake ɗiba daga wannan a zuba a na gaba, haka haka har ya tsinke, sannan a baza a faranti a kai inkubeta a kwana. Duk wanda yake da rai zai farka ya hayayyafa ya zama ɗigo ɗaya da ido ke gani, sai a zaɓi farantin da ɗigonsa yake tsakanin 30 da 300 a ƙirga da maka ta bayan faranti a lissafa baya.

E. coli ba ta ma jira an kai ta ko'ina ba. Bushewar kawai a kan gilashi ta kashe mafi yawanta, bayan tukunyar rashin iska kuwa sai ka yi ta neman ɗigo a faranti. Amma supo, ikon Allah, farantan waɗanda suka fito daga tukunyar da na waɗanda suka sha firiza da tanda in ka ajiye su kusa da na cikin durowa da kyar za ka bambance. Ɗigo-ɗigo masu launin madara, busassu, saman su a yamutse gefensu ba a daidai ba, sun cika faranti kamar ba abin da ya same su. An ɗan samu raguwa amma ba irin wadda za ka kira kisa ba. Abubuwa biyun da kowa yake fara ambata in ana maganar sararin samaniya, rashin iska da sanyi, su ne suka fi yi musu sauƙi, kuma in ka yi tunani ba abin mamaki ba ne, ai mu kanmu in muna son adana bakteriya ta daɗe daskarar da ita muke yi mu busar da ita a inda ba iska.

Sai hasken UV, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, kuma a nan ne aikin ya canja fuska. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta ce da ke cikin akwatin aiki, mai tsawon zango nanomita 254, irin hasken da shimfiɗar ozon take tare mana ba ya isowa ƙasa amma a sama yana nan tsirararsa. Mai kula da lab ɗin, dattijo ne mai haƙuri, bai yarda ko sau ɗaya mu kunna ta gilashin gaba yana buɗe ba, yakan ce "'yata ido ba shi da sifiya, rufe tukuna." Sai ka jera gilasan ka rufe ka kunna, wani shuɗin haske mai sanyi ya cika akwatin, ba zafi ba ƙara ba komai, kana kallon agogo kana cire wasu bayan daƙiƙoƙi wasu bayan mintuna.

Washegari da na buɗe inkubeta na jera farantan bisa tsawon lokacin da suka sha haske, abin kamar an zana shi. Na farko cike, na biyu ya ragu sosai, na gaba 'yan ɗigo a warwatse, daga nan sai faranti fes, santsi, yana ƙyalli, ba ko ɗaya. Supo ɗin da suka yi makonni ba iska suka fito lafiya lau, mintuna kaɗan na haske sun gama da su. Abin da hasken yake yi shi ne yana ratsa ƙwanson ya manne wasu sassan DNA da juna, supo yana da injin gyaran wannan ɓarnar in ya farka, amma in ta yi yawa gyaran ba ya cim mata.

Wannan fa na waɗanda aka baje su ɗaya-ɗaya ne. Na tudun nan da na cikin yumɓu, waɗanda suka sha haske daidai da sauran a akwati ɗaya a lokaci ɗaya, farantansu suka tsiro. Na tudun ya ragu amma bai ƙare ba ko a mafi tsawon lokacin da muka ba su, na yumɓun kuwa ya ma fi shi. Na zauna na daɗe ina kallonsu, saboda kaurin abin da ya raba rai da mutuwa a nan bai kai kaurin farce ba. Na saman tudun sun mutu, gawarsu ta tare hasken ta yi wa na ƙasa inuwa, shi kenan fa. UV yana da kisa amma ba ya ratsa abu da nisa.

Da na kai wa Malam bai yi mamaki ba, ya ce in je in karanta aikin Gerda Horneck ta cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus. Ita da abokan aikinta sun sa supo na Bacillus subtilis a jikin wani dandali na NASA mai suna LDEF, wanda kumbon Challenger ya saki a Afrilun 1984, aka yi niyyar ɗauko shi bayan kamar shekara ɗaya amma jinkiri da hatsarin Challenger na 1986 suka sa sai a Janairun 1990 kumbon Columbia ya dawo da shi, kusan shekara shida kenan a sama. Waɗanda aka kare daga hasken rana aka tara su da kauri tare da gulukos, har wajen kashi 80 cikin 100 sun farka. Waɗanda aka baje ɗaya-ɗaya cikin duhu kashi 1 zuwa 2 ne suka rage, wato rashin iskar ma in ya daɗe yana ci a hankali. Waɗanda rana ta doka kai tsaye kuwa raguwarsu ninki dubbai ce, duk da haka ba a rasa masu rai a cikinsu ba. Daga baya a kan kumbon Foton na Rasha Horneck ta gwada cakuɗa su da garin yumɓu da na dutse, nan ma suka tsira.

Japan ma ta yi nata, gwajin Tanpopo ƙarƙashin Akihiko Yamagishi, a wajen ɗakin Kibo na tashar sararin samaniya daga 2015 zuwa 2018. Su da Deinococcus radiodurans suka yi, wadda ba ta ma yin supo, ita dabararta gyaran DNA ne, ko an daddatsa shi gunduwa-gunduwa sai ta harhaɗa abinta. An gano ta ne a 1956 a jihar Oregon cikin naman gwangwani da aka haska da radiyeshin don a kashe komai amma ya lalace. Gray ma'aunin radiyeshi ne, tana jure Gray 5,000 kusan ba asara, alhali Gray 5 na iya kashe mutum. Sakamakon da masu gwajin Tanpopo suka fitar a 2020 ya nuna dunƙulen da kaurinsa ya kai rabin milimita ya yi shekara uku a waje da masu rai a cikinsa, na sama sun mutu sun kare na ciki, daidai abin da na gani a ɗan gilashina. Ka tuna tafiya zuwa Mars wata shida zuwa tara ce, kumbon NASA mai ɗauke da motar bincike Perseverance ya tashi a ƙarshen Yulin 2020 ya sauka a Fabrairun 2021.

A ranar kare furojet wani malami daga cikin masu jarrabawa ya tambaye ni, to kina nufin bakteriya tana rayuwa a sararin samaniya kenan? Na ce a'a ranka ya daɗe, ba ta ci ba ta haihuwa a can, sai da ruwa take wannan, abin da take yi jira ne, kuma jiran yana da iyaka domin ɓarna tana taruwa a DNA ba mai gyarawa sai ta farka. Ya sake tambaya ko lab ɗinmu ya isa ya tsaya a madadin sama, na ce bai isa ba. Famfonmu ko kusa bai kai rashin iskar can ba, fitilarmu zango ɗaya take bayarwa alhali rana tana zubo har da waɗanda suka fi shi gajarta da kisa, sannan ba mu da hanyar kwaikwayon radiyeshin mai ƙarfi da ke zuwa daga rana da can cikin taurari, wanda shi yana ratsa yumɓu da ƙarfe, inuwar rabin milimita ba ta tare shi. Ita kanta tashar sararin samaniya tana cikin kariyar maganaɗisun duniya ne, hanyar Mars ta fi ta tsanani. Shi ya sa masu cewa rai zai iya tafiya daga wata duniya zuwa wata a cikin dutse na miliyoyin shekaru suke da sauran aiki a gabansu, shekara uku ko shida daban, shekara miliyan daban.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar tsaftar kumbo, don kumbo cike yake da inuwa, ƙarƙashin noti, cikin tsaga, bayan fenti, tsakanin waya da waya, kowanne ya fi ɗan tudun da na yi kauri. In muka kai bakteriyarmu Mars sannan muka je neman rai muka same ta muka yi murna, mun maimaita labarin Surveyor 3 ne a babban mataki, kuma wannan karon ba fim ɗin da za a koma a kalla. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe su guji gurɓata sauran duniyoyi. Kumbunan Viking biyu masu sauka a Mars da aka harba a 1975 gasa su aka yi ɗungurungum a zafin da ya haura digiri 110 na fiye da awa 20 kafin su tashi. Na yanzu da kayan lantarkinsu ba sa jure haka gogewa ake yi ana ƙirgawa, ƙa'idar ita ce kada supo ya wuce 300 a kowace murabba'in mita, kada jimillar na saman jikin kumbon ta wuce 300,000. Kuma a cikin ɗakunan haɗa kumbon ne kansu, inda ake wanke ko'ina da sinadarai kullum, aka samo irin su Bacillus pumilus SAFR-032, wadda aka kai ta wajen tashar sararin samaniya ta yi wata 18 wasu daga cikinta suka dawo da rai. Wato tsananin tsaftar yana kashe masu rauni ya bar mana mafi taurin kai, su ne kuma suke hawa kumbon.

Farantan duka otokilef suka shiga bayan an gama ƙirga an ɗauki hotuna, sai 'yar kwalbar supo ɗaya da Malam ya ce a bari a firij don ɗaliban da ke biye da mu. Su abin da za su yi shi ne su riƙa canja kaurin yumɓun mataki-mataki, daga wanda ido ba ya gani har zuwa milimita ɗaya, su ga daga ina ne daidai hasken yake daina isa ga na ƙasa, kuma na roƙi Malam ya bar ni in riƙa zuwa ina taya su ƙirga.